Zubairu Biyu a Gidan Sarkin Maƙera

A zamanin da, tun ana rufe ƙofofin birni da faɗuwar rana, an yi wani sarki a wata ƙasa mai yawan gero da tama, sunansa Arzika. Yana da shekara bakwai aka naɗa shi, ya girma a kan gado, ya zama mai adalci gwargwadon iko. Amma abin da aka fi saninsa da shi tambaya ce. Abu ba ya wuce shi sai ya ji dalilinsa. In shamuwa ta sauka kan rimi, sai ya tara malamai su gaya masa wa ya sanar da ita damina ta kusa. Waziri biyu suka nemi hutu saboda gajiya da "me ya sa", har aka zo kan na uku, Waziri Cindo, wani dattijo mai sanyin magana wanda ya yi fatauci a ƙuruciyarsa, ya ci tuwon gidaje da yawa kafin ya san hanyar fada.

Ana nan, sai Sarkin Maƙera Nomau ya rasu. Al'adar maƙeran ƙasar kuwa, in shugabansu ya mutu ba a sake narka tama sai ɗansa na cikinsa ya zauna a gaban uwar maƙera, ƙarfen da ake ƙira a kansa, ya hura wutar farko. Nomau ɗa ɗaya ya haifa, Zubairu, shi kuma mahara sun ɗauke shi yana ɗan shekara goma, ranar da ya bi masu ƙona gawayi daji. Shekara ashirin da huɗu ba a ji ɗuriyarsa ba. Wata huɗu ya wuce ba a narka tama ba, ƙarfe ya yi wuya, bazara ta yi nisa, manoma suka fara zuwa fada da guntayen fartanyu suna nuna wa Sarki.

Ranar wata Litinin sai ga wani mutum a ƙofar fada, mai kyan tsayi, mai ladabi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce shi ne Zubairu ɗan Nomau. Ya ce an sayar da shi ga wani maƙeri a bayan hamada, ubangidan ya 'yanta shi da zai mutu, ya ji labarin rasuwar mahaifinsa a bakin fatake, ya kamo hanya. Ya fito da wani zoben ƙarfe, tsofaffin maƙera suka duba suka ce aikin hannun Nomau ne. Gari ya ɗauki murna. Aka sauke shi a fada kafin ranar naɗi.

Ba a gama murnar ba, ranar Laraba, sai ga wani a bayan jakin fatake, ramamme, leɓunansa sun tsage da zazzaɓi. Shi ma ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce shi ne Zubairu ɗan Nomau. Ya ce na farkon abokin bautarsa ne, tare aka 'yanta su, tare suka taho, ciwo ya kayar da shi a wani ƙauye, abokin ya zare masa zobe ya yi gaba.

Na farko ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rabin maganarsa gaskiya ce. Tare muka yi bauta. Amma shi ne ya ji labarin gidanmu a bakina har ya haddace."

Sarki ya gyara zama, idanunsa suna ƙyalli, don bai taɓa samun tambaya mai daɗin wannan ba. Ya ce, "Daga yau kada wanda ya kira ɗayanku Zubairu sai gaskiya ta fito. Wanda ya zo Litinin a kira shi Ɗanliti, wanda ya zo Laraba a kira shi Bala. Wanda kuma aka kama da ƙarya, za a damƙa shi ga ayarin farko mai zuwa arewa, a mayar da shi inda ya fito."

Aka raba su ɗaki, Sarki ya yi ta tambayarsu ɗaya bayan ɗaya har kwana uku. Wace bishiya ce a ƙofar gidan? Durumi. Wane gefe na bakin rijiyar ne ya fashe? Na gabas. Me aka ci a gidan ranar da mahara suka zo? Ɗanwake. Duk abin da wannan ya faɗa, wancan ma ya faɗa. Aka aika jakadiya wurin uwar Zubairu, Tsahara, wadda ke cikin takaba, ko akwai wata alama a jikin ɗanta. Ta ce tartsatsin wuta ya taɓa ƙona shi a hannun hagu. Aka naɗe musu hannun riga, sai ga kowannensu da tabon wuta ya fi arba'in. Aka kai su wata ƙaramar maƙera, aka ba su tsohon ƙarfe kowa ya ƙera fartanya. Sarkin Noma ya juya wannan, ya juya waccan, ya ce, "Ranka ya daɗe, hannu ɗaya ne ya koya musu."

Sarki ya daina cin abinci da daɗi. Sai Waziri Cindo ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mun tambaye su abin da suka sani, sani kuwa ana aronsa kamar riga. Jibi Tsahara za ta fita takaba. A kai su gidan ɗaya bayan ɗaya, kada a yi musu tambaya ko ɗaya. Mu dai mu ji yadda za su yi magana da mutanen gidan, da yadda mutanen gidan za su yi musu."

Sarki ya ce, "Ni da kaina zan ji."

Da ranar ta zo, Sarki da Waziri suka sa tsofaffin riguna, suka fita ta ƙofar baya da hantsi kamar wasu malaman ƙauye. Ba su yi nisa ba suka gamu da wani mai sayar da igiya, ya ce, "Sannunku da rana, malamai." Waziri ya amsa. Sarki ya yi shiru yana tafiya, don tun yana yaro in an gaishe shi fadawa ne ke cewa "Sarki ya gaishe ka", shi bai taɓa buɗe baki ba.

Mai igiya ya tsaya ya ce wa Waziri, "Malam, abokin naka kurma ne, ko kuwa girman kai ne?"

Waziri ya ce, "Baƙo ne, bai iya gaisuwar nan ba tukuna."

Da suka wuce, Sarki ya raɗa masa, "Me ya kamata in ce?"

"Ka ce, yauwa, sannu kadai."

"Me ya sa ya ji haushi? Ai bai san ni ba, ba kuma wani abu yake nema a wurina ba."

"Ranka ya daɗe, ya miƙo maka hannu ne da baki, ka bar hannun a sama."

Sarki ya yi ta maimaita "yauwa, sannu kadai" a hankali har suka isa. Wani tsohon maƙeri da Waziri ya shirya da shi ya shigar da su ɗakin ajiyar gawayi, mai 'yar taga tana duban tsakar gida. Suka zauna kan buhuna. Daga nan suna hango Tsahara zaune a ƙofar ɗakinta, idanunta sun yi yana, ba ta gani sai inuwa. Can gindin rumbu kuma ga wata tsohuwa tukuf tana kaɗi, ita ce Hakama, uwar marigayi Nomau.

Dogari ya kawo Ɗanliti. Ya yi sallama sau uku, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya zo ya durƙusa gaban tsohuwa ya ce, "Allah ya ja kwananki, Kaka. Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar mana ke."

Hakama ta ce, "Amin, ɗan nan, amin. Sannu da hanya."

Ya matsa gaban Tsahara ya durƙusa. Ta sa aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma, aka kawo ruwa a sabuwar ƙwarya. Ta ce, "Sannu da zuwa, Zubairu. Ina gajiya? Yaya hanya? Yaya aka baro mutanen can? Sannu, sannu. Allah ya huta gajiya." Ya amsa kowace gaisuwa da abin da ya dace da ita, ya yi wa mamaci addu'a mai tsawo, har Sarki ya gyaɗa kai a cikin duhun gawayi. Daga nan aka fitar da shi zaure.

Aka kawo Bala. Sallama ɗaya ya yi, ya shigo yana dafa bango. Ya tsaya tsakiyar gida yana dube-dube, har idonsa ya sauka kan mai kaɗi. Sai ya ce, "Af! Wannan tsohuwar har yanzu tana nan? Shekara ashirin da huɗu na ba ki ki mutu in yi sabuwar amarya, kin ƙi?"

Mazari ya faɗi daga hannun Hakama. Ta ɗaga kai ta ce, "Wane mummuna ne wannan? Kai, mijin da ya tafi ɗebo gawayi ya share shekara ashirin da huɗu, ina gawayin?"

"Na sake ki tun a hanya."

"Da wane bakin? Bakin da na ɗura wa koko yana tsala ihu? Dube shi, ƙafafu kamar na zalɓe. Ko kyauta aka ba ni kai ba na so."

Tana gama faɗa ta sa gefen zane ta rufe fuska. Bala ya bar ta, ya nufi ɗakin Tsahara, amma bai matsa kusa ba. Ya tsuguna daga nesa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Na dawo."

Tsahara ta juya fuskarta wajen bango. Can ta ce, "An dawo?"

"Eh."

"To, madalla." Ta kira wata maƙwabciya ta ce, "A ba wancan ruwa." Aka kawo masa a wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki, ya sha a tsugune, ba tabarma.

Sarki ya juyo wurin Waziri ya ce a hankali, "Magana ta ƙare. Na farko ta kira shi da suna, ta shimfiɗa masa tabarma. Wannan ko kallonsa ba ta yi ba, 'wancan' ta ce. Ga shi kuma ya yi wa tsohuwa fatan mutuwa a gidan makoki. Gobe a yi masa bulala kafin a ba da shi ga ayari."

Waziri ya ce, "Hukuncinka ne, ranka ya daɗe. Amma in ka yarda in ara halinka, in yi tambaya biyu."

"Yi."

"Ƙofar da mutum ke tsayawa ya yi sallama uku, da ƙofar da yake turawa da ƙafa ya shiga, wacce ce ta gidansu?"

"Ta biyun."

"A fadarka, wa ake fito wa da sabuwar darduma, a yi ta tambayarsa gajiya? Ɗanka, ko manzon wani sarki?"

Sarki ya ce, "Na gane inda ka dosa. Na san ana cewa jika na wasa da kaka, ko da yake ni ban tarar da tawa ba. Amma wanda ya iya haddace durumi da rijiya, zai iya haddace zagin tsohuwa. Wa ya sani ko Bala ne ya fi wayo? Kuma har yanzu ban ji dalilin da zai sa uwa ta juya wa ɗanta baya ba."

Waziri bai kai ga amsawa ba, sai aka ji wata babbar murya daga waje. Dogari ya riga ya zaunar da mutanen biyu a rumfar maƙera, dab da ɗakin gawayi. Mai muryar ya shigo da fatun zugazugi a kafaɗa. Baduku ne, sunansa Anaruwa, ɗan yayan Tsahara namiji, ya dawo daga sayen fata ya ji labari a hanya. To, a ƙasar nan, ɗan mace da ɗan namiji abokan wasa ne, kuma a wasan, ɗan mace bawan ɗan namiji ne.

Anaruwa ya tsaya ya dube su ya ce, "Ikon Allah! An ce bawana ya dawo, ashe har ya zama biyu. To, wanne ne nawa a cikinku? Ya tashi ya karɓi kayan nan, ubangidansa ya gaji."

Ɗanliti ya miƙe zumbur. Duk ladabin nan ya bar muryarsa. Ya ce, "Kada ka ƙara! Ni ba bawan kowa ba ne. A gaban shaidu aka 'yanta ni. Ni ɗa ne, ɗan Sarkin Maƙera, ka san da wanda kake magana!"

Bala kuwa dariya ta kama shi har ya riƙe ciki. Ya ce, "Anaruwa mai kunnen jemage! Ubangidan da na bari ko wando ba shi da shi, yau shi ne da kaya?" Ya tashi da ƙyar ya karɓi fatun, dariyar ta juye kuka, ya rungume baduku ya ce, "Shekara ashirin da huɗu ana kirana da sunan nan. Yau ne kaɗai ya yi mini daɗi."

Sarki ya manta inda yake, ya tura ƙofa ya fito, rigarsa da gemunsa duk baƙin gawayi. Hakama ta hango shi ta ce, "Kai kuma wane ne? Kai, ɓarawon gawayi, da rana tsaka?" Dogari ya gane ubangidansa, ya zube ƙasa yana "Zaki! Zaki!", gida duka ya ruɗe. Sarki ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar ta. Rabon da a ce mini 'kai' haka tsirara tun ina ɗan shekara bakwai. Gobe kowa ya zo fada."

Washegari fada ta cika. Sarki ya sa aka kawo Tsahara kusa, ya ce, "Baiwar Allah, jiya kin kira ɗaya da suna, ɗaya kuma kin ce 'wancan'. Me ya sa?"

Tsahara ta ce, "Ranka ya daɗe, ban yi da niyya ba. Na rabu da yaro ɗan shekara goma, aka kawo mini masu gemu biyu, ga ido babu. Na ce a raina zan karɓi kowanne da mutunci, Allah ya fitar da gaskiya. Na farko ya zo, na kira sunan, ya fito sumul. Na biyu ya zo, na buɗe baki in kira, harshena ya ƙi. Ɗan fari ne, Allah ya ba ka nasara. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa faɗarsa ba, ban taɓa yi masa doguwar magana a gaban mutane ba. Sai bayan sun fita na tuna na faɗi sunan ga na farko ban ji kunya ba ko kaɗan."

Sarki ya dubi Bala ya ce, "Kai kuma, ka ba abokinka labarin rijiya da ɗanwake. Me ya sa ba ka ba shi labarin wasanka da Anaruwa ba?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, sunan Anaruwa ya sani, ya san ɗan kawuna ne. Amma a inda muke, kalmar nan ba ta wasa ba ce. Ban iya ɗaukarta a bakina in yi dariya da ita a can ba."

Sarki ya juya wurin Ɗanliti. Kafin a tambaye shi, ya zare zoben ya ajiye a ƙasa, ya kifa goshi. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, shi ne Zubairu. Ni ban san garinmu ba. A goye aka ɗauke ni, aka raba ni da wadda ta goya ni kafin in iya magana. Inda na tashi 'kai' ake ce mini, in an so a bambanta ni da wani a ce 'kai dogon'. Hausar ma a bakinsa na koya, gaisuwar manya kuma a wurin fatake. Shekara ashirin yana ba ni labarin gidansu muna zuga wuta, har na riƙa mafarkin durumin nan. Da ya faɗi da zazzaɓi na ga kamar ba zai tashi ba, sai zuciyata ta ce, ga gida zai rasa ɗa, ga ɗa ba shi da gida. Na ce masa zan nemo magani, na zare zoben, ban waiwaya ba. Jiya da na jiyo daga zaure uwarsa ta kasa kiran sunansa, na san na faɗi tun kafin baduku ya shigo. Ni ba a taɓa jin nauyin sunana ba, don ba ni da shi."

Sarki ya ce, "Ka bar mara lafiya a hanya, ka nemi gadon da ba naka ba, ka kusa sa in hukunta mai gaskiya. Na riga na faɗi hukuncin maƙaryaci."

Zubairu, wanda yanzu aka mayar masa da sunansa, ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya yi mini ya yi, ban kuma ce na manta ba. Amma a tsakiyar hamada, da ƙafata ta kumbura, kwana biyu yana ɗauke da ni a bayansa. Na san inda ayarin nan ke zuwa. Ko maƙiyina ba na so a kai shi can."

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya ce, "Maganar Sarki ba ta faɗuwa ƙasa, amma mai haƙƙi in ya sassauta, Sarki na iya sassautawa. Da baki ya yi laifin nan, ranka ya daɗe. A hukunta shi ta nan."

Sarki ya yi tunani, sa'an nan ya yanke. Ɗanliti zai zauna a gidan maƙera yana zuga wuta kwana arba'in. A ba shi abinci, kada a taɓa lafiyarsa. Amma a kwanakin nan kada wanda ya amsa gaisuwarsa, kada wanda ya gaishe shi, kada a kira shi da kowane suna. Shi kuma dole ya gai da duk wanda ya gamu da shi. In ya cika, a sake duba lamarinsa. In ya gudu, ya huta, gari ma ya huta.

A ranar aka naɗa Zubairu, ya zauna gaban uwar maƙera ya hura wutar farko. Tama ta narke, masaba, gudumar maƙera, ta fara kuka tun asuba, manoma suka yi ta ɗaukar fartanyu da garemani kafin ruwan shuka.

Sarki kuwa bai bar lamarin ba, kullum sai ya aika a dubo masa. Aka ce masa mutumin yana cin tuwonsa, amma yana ramewa. Aka ce a kasuwa in ya ce "sannunku", mutane sai su dubi ƙasa, wasu har su sake hanya don kada tausayi ya sa su amsa. Aka ce kowace safiya yana zuwa ƙofar ɗakin Tsahara ya durƙusa ya ce, "Ina kwana, Inna," ya jira kaɗan, ya tashi. Kwanakin farko ita ma ba ta so jin muryarsa ba, in ta ji tafiyarsa sai ta saki asabari. Daga baya ta daina sakin. Sarki ya tambayi Waziri me ya sa mutum zai rame alhali cikinsa a cike. Waziri ya ce shi ma bai taɓa ganin irin wannan ba, sai dai su jira su gani tare.

Ranar da kwana arba'in ya cika, Sarki ya tara su ya ce, "Hukunci ya ƙare. Yanzu me za a yi da shi? Ɗanliti ba suna ba ne, lamba ce na sa masa don shari'a."

Tsahara ta ce, "Ranka ya daɗe, ban yi zaton zan yafe masa ba. Amma sau arba'in yana gaishe ni ina haɗiye amsa, har ta tsaya mini a wuya. Mutum ba ya zama a gidana ba suna. In Sarki ya yarda, a yanka rago a raɗa masa, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa."

Liman ya ce bai taɓa raɗa wa mai gemu suna ba, amma bai ga abin da ya hana ba. Ya ce, "Wane suna za a sa?"

Ta ce, "Na mahaifina."

"Wane ne sunan nasa?"

Tsahara ta sunkuyar da kai. Anaruwa ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Allah gafarta malam, in ita kake jira sai ragon ya tsufa. Sunan tsohon nan Sa'adu, marowaci ne na gaske, ni jikansa ne na sani." Fada ta fashe da dariya, har Sarki.

Aka yi suna ranar Juma'a. Wanzami ya aske masa kai, aka raba goro, Liman ya yi addu'a, maroƙi ya fita ƙofar gida ya sanar da gari cewa an samu Sa'adu a gidan Sarkin Maƙera. Mutanen da suka yi kwana arba'in suna kauce masa suka yi layi suna cewa, "Sannu Sa'adu, barka da suna," yana amsawa har muryarsa ta dushe.

Da la'asar, bayan taro ya watse, yana zaune a rumfa kusa da Zubairu suna gyara bakin zugazugi, sai Tsahara ta fito ƙofar ɗakinta da akushi a hannu ta ce, "Mai sunan Baba, zo ka ɗauki tuwonka kada ya huce."

Sa'adu ya ci gaba da aikinsa. Ta sake kira. Ya waiwaya bayansa ya ga ba kowa. Zubairu ya zungure shi da gwiwar hannu ya ce, "Da kai ake. Tashi, ba za ta taɓa kiran sunan ba har ta mutu."

Ya tashi ya je ya durƙusa, ya karɓi akushin da hannu biyu.

Iyakar abin da ya iso kunnenmu ke nan na labarin Zubairu biyu. Abin da ya ragu, Allah ne ya bar wa kansa sani.